Aikin Jinga ta Intanet: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tantance Tallan Aiki da Saurin Hannu a Kibod

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin matasan da suka fara neman aikin jinga ta intanet, irin su fassara, rubutu, zane, shigar da bayanai da gina manhaja. Na haɗa batun tantance tallan aiki da na maɓallan kibod wuri guda domin dukansu lokacinka suke karewa. Wanda yake aiki da wutar da ba ta da tabbas, da datar da ya saya da guminsa, ba shi da awannin da zai zubar a kan tallan da ba zai haifar da komai ba.

Me ya sa sai na tsaya tantancewa? Ba gara in nemi duk aikin da na gani ba, wanda yake rabona ya zo?

Rabo gaskiya ne, amma neman ma kuɗi yake ci. A Upwork, dandalin da ke haɗa masu aiki da 'yan jinga, ba ka aika takardar neman aiki sai da tikitin da suke kira Connects, kowane ɗaya senti 15 na dalar Amurka, kuma talla guda yakan cinye fiye da goma. Ƙara da minti ashirin ko talatin da za ka yi kana rubuta takarda mai ma'ana. Idan ka yi haka sau goma a yini, kana nema ido rufe, yinin ya tafi, kuɗin ma sun bi shi.

Tallan aiki iri uku ne. Akwai na 'yan damfara. Akwai na gaske amma na wahalar banza: mai aikin bai san abin da yake so ba, ko yana son aikin wata guda a kan dala biyar, ko ya sa tallan ya manta da shi. Sai na gaske mai kyau, wanda shi ne mafi ƙaranci. Mutane sun fi tsoron na farko, amma a ganina na biyun ya fi cinye rayuwar ɗan jinga, don shi ba ya zuwa da alamar haɗari, a hankali yake tsotse ka. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya taya buhu sai ya zura hannu ya ɗebo ya duba. Minti ɗaya ko biyu na dubawa kawai ake nema daga gare ka.

To da na buɗe talla, me zan fara dubawa?

Kada ka fara da bayanin aikin, fara da mai aikin. A Upwork bayanansa suna gefen shafin. Duba ko an tabbatar da hanyar biyansa. Duba jimlar kuɗin da ya taɓa kashewa a dandalin, da kason tallansa da suka ƙare da ɗaukar wani. Mutumin da ya sa talla arba'in amma sau uku kacal ya ɗauki ma'aikaci, jin farashi ya zo yi.

Daga nan ka gangara ƙasa ka karanta abin da 'yan jingar da suka yi masa aiki suka rubuta a kansa. Kada taurarin makin da suka ba shi su ɗauke maka hankali, kalmomin za ka karanta. Mutane da yawa suna tsoron ba da tauraro kaɗan don kada a rama, sai su ba da biyar su ɓoye ƙorafin a cikin jimla, kamar su ce aikin ya ɗan zarce abin da aka yi magana. Ka kuma duba abin da shi yake rubutawa a kan ma'aikatansa. Idan kowa a wurinsa malalaci ne, kai ma haka za ka zama ranar da kuka rabu.

Sai adadin waɗanda suka riga ka nema da lokacin da mai aikin ya leƙa tallan na ƙarshe. Talla mai masu nema sama da hamsin, wanda mai shi bai waiwaye shi ba tun mako guda da ya wuce, bar shi. Sai bayan duk wannan za ka karanta aikin kansa, kana neman abu uku: me za a miƙa, yaushe, kuma nawa.

Sabon mai aiki da ba shi da tarihi ba lallai ne mugu ba, kowa da ranar da ya fara. Idan bayaninsa a fili yake kuma an tabbatar da hanyar biyansa, ana iya gwadawa da ƙaramin aiki.

Ta yaya zan gane ɗan damfara?

Babbar alama ita ce kuɗi su fita daga aljihunka kafin su shigo. Kuɗin rajista, kuɗin horo, kuɗin katin shaidar ma'aikaci, kuɗin "buɗe" albashin da aka ce an tura maka: ko da wane suna aka kira shi, wanda yake son ka yi masa aiki ba ya karɓar kuɗinka.

Wadda ta fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan ita ce ta ƙananan ayyuka. Saƙo zai shigo maka a WhatsApp daga lambar da ba ka sani ba, a ce kamfani yana neman masu danna alamar so a bidiyon YouTube ko masu yaba otal. Ka yi guda uku, sai ka ji alat na naira dubu ɗaya ko biyu ya shigo da gaske. A nan ne hankali yake kwanciya. Sai a kai ka wani zaure a Telegram cike da mutane masu nuna hotunan ribarsu, a ce ayyukan manya sai ka ajiye kuɗi tukuna, za su dawo da ƙari. Na farko ya dawo. Na biyu, wanda ya fi girma, sai a ce ka yi kuskure a mataki na uku, sai ka ƙara wani abu kafin a saki duka. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ce a watanni shida na farkon 2024 kaɗai ta samu ƙorafi kusan 20,000 a kan wannan salo, alhali a duk shekarar 2023 kusan 5,000 ne. Wanda ya ga yadda MMM, tsarin zuba kuɗin nan mai alkawarin riba, ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016 ya san wannan wasan, riga kawai aka canza masa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai kuma ta biyan da ya wuce kima. Ka yi fassara a kan dala 200, sai a turo maka shaidar an biya 900, a ce akawu ne ya yi kuskure, don Allah ka mayar da 700. Shaidar jabu ce, ko kuma kuɗin na sata ne da za a janye daga baya, amma abin da ka mayar naka ne na halak.

Sauran alamomin ƙanana ne, sai sun taru suke yin nauyi: gaggawa marar dalili, albashin da ya fi ƙarfin aikin, ɗaukar ka ba tare da an tambaye ka ko me ka iya ba, da matsa maka ku koma Telegram tun a saƙon farko.

Wani ya ce zai riƙa biyana duk wata in ba shi aron asusuna na Upwork, wani kuma yana so in riƙa karɓar masa kuɗi ta bankina. Akwai matsala?

Akwai, babba. Asusun yana ɗauke da sunanka da hotonka da katin shaidarka. Duk ɓarnar da aka yi da shi kai za a nema, kuma idan dandalin ya gano zai rufe shi, da wuya ka sake buɗe wani da sunanka. Wannan ba ƙaramar harka ba ce a duniya: a watan Mayun 2022 hukumomin Amurka sun fitar da gargaɗi cewa ma'aikatan fasaha na Koriya ta Arewa suna fakewa da asusun mutanen wasu ƙasashe suna karɓar aiki.

Na bankin ya fi muni. Asusunka a haɗe yake da BVN da NIN ɗinka. Idan kuɗin sata suka ratsa ta cikinsa, ranar da EFCC ta bi sawu a ƙofarka za ta tsaya, shi kuwa wanda ya turo ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba. Ina roƙon ƙannena da wannan ya shafa, musamman ɗalibai da ake ruɗa da kashi goma cikin ɗari, ku nisanci wannan ko da kuna cikin matsi.

Aikin ta imel ko LinkedIn ya zo, ba ta wani dandali ba. Yaya zan bincika?

Dubi abin da ya biyo bayan alamar @ a adireshin imel ɗin, harafi bayan harafi. Babban kamfani ba ya ɗaukar ma'aikata da adireshin Gmail, kuma 'yan damfara sukan sayi suna mai kama da na gaske, su canza harafi ɗaya ko su ƙara kalma. Kwafi wannan sunan da ya biyo bayan @ ka saka a shafin ICANN Lookup, zai nuna maka ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ya ce ya shekara ashirin yana aiki amma shafinsa bai kai wata biyu ba, magana ta ƙare.

Ɗauki jimla ɗaya daga cikin saƙon, ka sa ta tsakanin alamun zance biyu a Google. Idan saƙon na damfara ne, sau da yawa za ka tarar wasu sun riga sun wallafa shi suna gargaɗi. Hoton mai maganar kuma ka saka shi a Google Lens, mai binciken hoto, ka ga inda aka ɗauko shi. Masu fassarar Hausa suna da ƙarin hanya: shafin ProZ yana da Blue Board, inda masu fassara suke ba kamfanonin fassara maki a kan yadda suke biya. Amma ka sani ana satar sunan kamfanin kirki ma. Idan ka ga makinsu ya yi kyau, ka rubuta musu ta adireshin da ke shafinsu na ainihi ka tambaya ko mai maganar ma'aikacinsu ne.

An ce in yi gwaji kyauta. In yi?

A fassara, gwajin kalmomi 200 zuwa 300 al'ada ce, ba laifi. Shafi biyar ba gwaji ba ne. Wasu sukan yanka littafi gunduwa-gunduwa su raba wa masu nema ashirin a matsayin gwaji, su haɗa abinsu su tafi. Idan abin da aka ba ka ya yi kama da tsakiyar wani aiki kuma aka ɗaura masa wa'adi mai tsauri, ka ce a biya, ko ka nuna aikin da ka taɓa yi.

Kason da dandali ke cira ya yi yawa. Mai aiki ya ce mu koma waje ya biya ni kai tsaye.

Na san zafin abin. Fiverr, wani dandalin irin Upwork, tana cire kashi 20 cikin ɗari, sannan ka jira kwana 14 kafin kuɗin su zama naka. Upwork tun 2025 kasonta yana bambanta daga kwangila zuwa kwangila, yana iya kaiwa kashi 15. Amma dubi abin da kake saya da shi. A aikin da aka yanke farashinsa, mai aiki yana ajiye kuɗin a hannun dandalin kafin ka fara, kuma idan ka miƙa aiki ya yi shiru kwana 14 za a sakar maka. A na awa-awa, manhajarsu tana ɗaukar hoton allonka kusan sau ɗaya a kowane minti goma, wannan shi ne hujjarka; awannin da ka rubuta da hannu ba su da wannan kariya. Da ka fita, duk wannan ya faɗi, kuma dokar Upwork ta hana biya a waje har tsawon shekara biyu daga haɗuwarku sai an biya ta kuɗin izinin fita. Kada ka taɓa fara aiki kafin ka ga an ajiye kuɗin matakin farko.

Idan kuwa kwastoman naka ne da ka samo da kanka a waje, nemi rabin kuɗi kafin ka fara, sannan a rubuta sharuɗɗan ko da a imel ne.

Wai maɓallan yanke na kibod suna da wani tasiri, ko burga ce kawai?

Daƙiƙa biyu ce kake tsira da ita a kowane dannawa, ba wani abu ba ne idan sau ɗaya ne. Amma mai tace talla yana buɗe shafi ya rufe sau ɗaruruwa a yini. Abin da ya fi daƙiƙun muhimmanci shi ne hankalinka ba ya yankewa: idonka yana kan abin da kake karantawa, ba ya tashi neman ɗan gicciyen da ke saman shafi. Masu laftof da ba su da linzami (mouse), suna fama da shafa ɗan faifan nan da yatsa, su suka fi kowa jin bambancin.

Waɗanne zan fara koya?

Bari in nuna maka yadda zaman tacewa yake tafiya a Chrome ko Edge ko Firefox. Ka buɗe jerin tallan. Ka danne Ctrl da ɗan ƙaramin yatsan hagu, kana danna kan duk tallan da ya ja hankalinka; kowanne zai buɗe a nasa shafin a baya, kai kana nan a kan jerin. Idan sun kai goma, Ctrl+Tab ya kai ka na farko. Ka dubi bayanan mai aikin. Bai yi ba? Ctrl+W, ya rufe, na gaba ya bayyana. Bayanin dogo ne kuma kana son sanin ko an ambaci Hausa ko Telegram? Ctrl+F, ka rubuta kalmar. Kana son binciken sunan kamfanin? Danna shi sau biyu, Ctrl+C, Ctrl+T, Ctrl+V, Enter. Ka rufe wanda ba ka yi niyya ba? Ctrl+Shift+T ya dawo da shi, kuma idan ka ci gaba da dannawa zai yi ta dawo da na bayansa. Cikin ɗan lokaci goman sun koma biyu ko uku, su ne za ka zauna ka rubuta wa takarda a natse.

Bayan waɗannan sai Ctrl+L da ke kai ka wurin rubuta adireshi, Alt+Tab na tsallakawa tsakanin manhajoji, da maɓallin Windows tare da kibiyar hagu ko dama, wanda ke raba allo biyu, talla a gefe guda, takardarka a ɗayan. Windows+Shift+S yana yanko hoton allo, ka riƙa ajiye shaidar duk alkawarin da aka yi maka. Mai aiki a Word kuma ya mayar da Ctrl+S ɗabi'a, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi. A kwamfutar Apple, maɓallin Command ne ke maye gurbin Ctrl a yawancinsu.

Kada ka haddace su rana ɗaya. Ɗauki uku, ka hana hannunka zuwa ga linzami a kansu har su zauna, sannan ka ƙara.

Ina yawan maimaita rubutu iri ɗaya. Akwai dabara?

Windows+V. Karon farko zai nemi ka kunna shi, daga nan yana riƙe abubuwa 25 na ƙarshe da ka kwafa. Waɗanda kake buƙata kullum, kamar adireshin shafin ayyukanka da jimlar farashinka, ka maƙale su da alamar fil don kada su goge idan ka kashe kwamfuta. Idan a kwamfutar shagon intanet kake, kada ka kunna shi, kalmar sirrinka ma zai riƙe. Ctrl+Shift+V kuma yana manna rubutu tsurarsa a burauza, ba tare da launi da girman harafin inda aka ɗauko shi ba.

Sai dai a nan nake jan kunne. Saurin nan na zubar da tallan banza ne, ba na aika takarda ɗaya ga mutum talatin ba. Mai aiki layi biyu na farko yake gani kafin ya buɗe takardarka, kuma daga su yake gane wanda ya karanta tallansa. Waɗannan layukan da hannu ake rubuta su kowane karo.

A Gmail fa?

Sai ka fara kunna su a saituna, a kashe suke zuwa. Bayan haka j da k suna yawo da kai tsakanin saƙonni, r amsa, c sabon saƙo, e ajiyewa a rumbu, alamar ! tana tura saƙo kwandon shara na 'yan talla, Ctrl+Enter aikawa. Alamar tambaya tana fito da jerin duka. Ka kuma ƙara wa'adin janye saƙon da aka aika zuwa daƙiƙa 30.

Wani shafin neman aiki ya ce in danna Windows+R, sannan Ctrl+V, sannan Enter don a tabbatar ni mutum ne. Lafiya?

Rufe shafin nan take. Wannan tarko ne da ya bazu tun 2024. Da ka danna akwatin tabbatarwar, shafin ya riga ya kwafa wani umarni a ɓoye. Windows+R yana buɗe wurin ba kwamfuta umarni, Ctrl+V ya manna shi, Enter ya zartar, kai da hannunka ka shigar da manhajar da za ta kwashe kalmomin sirrinka. Babu tantancewar gaskiya da ke buƙatar ka fita daga burauza.

Haka fayil ɗin da aka turo a matsayin bayanin aiki. Ka saita Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunan fayil, domin abin da ka ɗauka PDF ne yana iya ƙarewa da .exe ko .scr. Wanda kake shakka, ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke duba ko fayil yana ɗauke da ɓarna, kafin ka buɗe, in dai ba takardar sirrin kwastoma ba ce. Masu rubuta manhaja su yi hattara da gwajin da za a ce su sauko da wani aiki su kunna a kwamfutarsu, an sha shigar da ɓarna ta wannan hanyar.

Aikina rubutun Hausa ne. Yaya zan sami haruffa masu lanƙwasa da sauri?

Kamfanonin fassara suna kula da wannan ƙwarai, kuma suna da gaskiya. Ƙara kibod ɗin Hausa a saitunan harshe na Windows, sai ka riƙa sauyawa da Windows+Space. A Word akwai wata hanya: rubuta lambar harafin ka danna Alt+X. Lambar ƙ ita ce 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ 01B4, alamar naira kuma 20A6. Idan harafin da ya gabata yana tsakanin a da f, Word zai haɗa shi da lambar ya ba ka wani abu dabam, don haka ka fara da U+ kafin lambar. Ƙirga kalmomi kafin ka faɗi farashi: Ctrl+Shift+C a Google Docs, Ctrl+Shift+G a Word.

'Yan'uwa na Nijar, Kamaru da Chadi da ke amfani da kibod ɗin Faransanci su lura cewa Z da W sun yi musayar wuri, haka A da Q. Wanda hannunsa ya saba da kwamfutar Kano, ya zauna a ta Maraɗi ya kai yatsa inda ya san Ctrl+Z yake, Ctrl+W zai danna, shafin ya rufe. A Word na Faransanci ma, kaurara rubutu Ctrl+G ne maimakon Ctrl+B.

Ni waya kawai gare ni. Wannan duk bai shafe ni ba ke nan?

Rabin farko ya shafe ka gaba ɗaya, kuma tacewa tana yiwuwa sarai a waya. A Gboard, manhajar kibod ta Google, kana iya ƙara Hausa, kana iya maƙale rubutu a ma'ajiyar kwafi, kana kuma iya sa wa doguwar jimla gajeren suna a ƙamus ɗinka, da ka rubuta shi ta fito. Idan ka samu hali ka sayi ƙaramin kibod na Bluetooth, ko na USB tare da kan OTG mai haɗa shi da waya. Ctrl+C, Ctrl+V, Ctrl+A da Alt+Tab suna aiki a yawancin wayoyin Android. Abin da waya ba za ta yi maka ba shi ne aikin awa-awa mai kariya a Upwork, domin manhajar ƙirga lokacin ta kwamfuta ce, don haka kafin ka sami laftof ka tsaya a kan ayyukan da aka yanke farashinsu.